Matar da ke Laluben Ɓeraye

Shekara goma sha tara Iya ta yi tana kula da ɓeraye a ɗakin binciken kansar nono. Ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma yatsunta sun fi idon masu digiri gani. Duk mako sai ta juya ɓerayen mata ɗaya bayan ɗaya ta lalubi ƙirjinsu. Da ta ji ƙullutu, ko bai kai ƙwayar shinkafa ba, a ranar za a ɗauki hoton ɓerar, a cire mata ma'ajiyar ƙwai a ga ko abin zai motse, Farfesa na tsaye a kanta kamar 'yarsa ta fari.

Ran nan tana wanka, yatsun suka tsinci irinsa a jikinta. Asibiti suka ce ta dawo bayan wata huɗu, layi da tsawo.

Ta sami Farfesa a ofis.

"Ranka ya daɗe, da sauran keji?"

"Na me, Iya?"

"Ni zan shiga. Na ga masu wutsiya ba sa bin layi. Nawa ƙullutun ya kai wake."

Ya fara dariya, sai ya gane nufinta, dariyar ta tsaya. Ya ɗauki waya, ya kira manya, ya yi faɗa har da dukan tebur.

Aka rage mata zuwa wata uku.