Gyaran da Ya Jira Sa Hannu na Biyu

Shekara ashirin da shida ya yi a bayan kanta guda, har unguwa ta manta sunansa ta koma kiransa Mai Magani. Kantin ɗaki ɗaya ne, da fanka ɗaya, da firji a kusurwa, da tsohuwar kwamfuta a kan kwalin auduga. A cikinta akwai manhajar da ke gargaɗin mai kanti idan wa'adin magani ya kusa ƙarewa. Ba kamfani ne ya yi ta ba. 'Yan sa-kai ne daga wurare dabam-dabam suka haɗa ta kyauta, suka bar rubutunta a buɗe don duk wanda ya ga ɓaraka ya gyara.

Ta hanyar ƙorafi ya shiga cikinsu. Ya aika musu cewa rubutun allon ya yi ƙanana, aka amsa masa cewa ƙofa a buɗe take. Ya ɗauki maganar da gaske. Wata takwas yana koyon rubutun manhaja tsakanin mai saye da mai saye, sannan ya gyara da kansa. Kundin aikin, wanda kowa zai iya dubawa, ya nuna gyare-gyarensa ɗari da goma sha huɗu cikin shekara tara. Ya kuma nuna cewa shi ya kawo dokar da ta hana kowa shigar da gyaransa sai wani mutum dabam ya gwada ya sa hannu. A lokacin su bakwai ne.

Sai suka riƙa raguwa yadda 'yan sa-kai kan ragu, ba faɗa, ba sallama. Wannan ya sami aiki, waccan ta haihu, wani ya ce zai dawo mako mai zuwa. Shi kaɗai ya rage sa'ad da ya gano cewa manhajar na makara da wata guda wajen gargaɗi a kan duk maganin da aka rubuta wa wata da shekara kawai, ba rana. Kantuna sama da arba'in ke dogaro da ita. Ya yi gyaran cikin kwana biyu, ya sanar da kantunan su riƙa duba kwalaye da ido, sannan ya zauna jiran sa hannu na biyu. Mako shida yana rubuta wa mutum shida, ba wanda ya amsa.

Matarsa tela ce, kekenta na falo kusa da taga. Ita ta gaji da ganinsa yana juya cokali cikin abinci ba ya ci.

"Malam, wai ba kai ke riƙe da makullin manhajar ba?"

"Ni ne."

"Kuma kai ka kafa dokar?"

"Ni ne."

"To wa zai kama ka? Kai ne ɓarawon, kai ne ɗan sandan."

"Shi ya sa," in ji shi.

Ta ajiye almakashi, ta tambaya ko dokar ta ce sai mai ilimin kwamfuta. Ya buɗe ya karanta mata. Dokar ta ce wani mutum dabam. Ya daɗe yana kallonta kamar mai tantance ko ta cika sharaɗin.

Washegari da hantsi ya yi mata rajista, ya zaunar da ita a kujerarsa, ya nuna mata inda ake shigar da wa'adin magani, ya ce ta fara daga Janairu. Ta fara daga Disamba. Manhajar ta tsaya cik, allon ya yi fari fat.

"Janairu fa na ce, Maman yara."

"Riga daga baki ake duba ta, Malam. Ka taɓa ganin ɗinki ya fara warwarewa daga tsakiya?"

Abin da ya faru shi ne, gyaran nasa kan leƙa watan gaba don ya gane inda wata ya ƙare, bayan Disamba kuwa sai ya tafi neman wata na goma sha uku. Ta sa ya nuna mata inda ake ƙin amincewa, ta danna, ta rubuta da yatsa ɗaya: "A warware a sake." Saƙon na nan a kundin, kuma babu wanda ya kai shi gajarta.

Ya sake. Ta mayar masa a kan Fabrairu. A karo na uku ta gwada watannin duka, ta ƙara gwada Disamba domin ta ce ba ta yarda da shi ba, sannan ta sa hannu. Gyaran ya isa kantunan ranar Laraba, suka daina duba kwalaye da ido.

Tun daga nan kundin ke nuna masu kula biyu. Ita ranar Talata kawai take dubawa, bayan ta sallami masu karɓar ɗinki, kuma ba ta sauraron roƙon sa hannu a lokacin cin abinci. A halin yanzu yana da gyara uku a layi suna jiran sa hannunta.