Ƙwallon bankwana a shagon Malam Issufu

Na miƙe tsaye, na ware hannu biyu, ƙwallon ta wuce ni ta faɗa cinyar Malam Issufu. Wallahi har yanzu raina zafi yake.

Jiya ne gwanina na besbol, wasan nan na dukan ƙwallo da sanda, haifaffen nan Bronx, ya buga wasansa na ƙarshe. Tun zuwana unguwarmu ta Highbridge nake bin sa, ko ina tuƙin tasi rediyona na kansa. Ni na saya wa Malam, maƙwabcina mai shagon turare, tikiti don ya raka ni. Gyangyaɗi ya yi ta yi, har gwanin ya cillo wa 'yan kallo ƙwallon bankwana.

Ya farka, ya jujjuya ta. "Maƙwabci, wa za a mayar wa? Kayan mutane ne."

Na ce, "Kawo in kai musu, Malam."

Ya ga yadda na ƙura wa ƙwallon ido, sai ya zura ta aljihu. "Ashe abin mai daraja ne."

Yanzu tana shagonsa tsakanin kwalaben turare. Sau uku na wuce yau ban yi sallama ba.

Huta lafiya, gwanina. Amma jama'a, tsakani da Allah, wa ya cillo wa?