Sun Sayar da Wasa

Ni dai ban taɓa ganin wasan ɓata lokaci irin kurket ba. Ƙarti sanye da fararen kaya kamar masu zuwa Idi, su shafe kwana biyar suna jifan 'yan sanduna uku, su tafi shan shayi, su dawo, ƙarshe a ce canjaras. Ba don maƙwabcina ba, ko kallo bai ishe ni ba.

Dattijo ne mai kantin jarida a ƙasan flat ɗinmu a Plumstead, can ƙasar Turawa, lokacin ina karatu, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Daga wata ƙasa can gabas ya zo, inda kurket ya kusa zama addini. Tare muke zuwa Juma'a, ina ce masa Alhaji, yana ce mini Malam. Ya daɗe rabonsa da gida, kuma ƙungiyar ƙasarsu ce kaɗai abin da yake ɗaga kai da shi a gaban Turawan da ke sayen sigari suna yi masa kallon banza.

Wata shekara ƙungiyar ta zo wasa. Alhaji ya rufe kanti, abin da ko ranar Sallah ba ya yi, ya jawo ni gaban talabijin. Kai, na ga abin kunya. Ƙwallo ta zo hannun ƙato kamar an miƙa masa, ya sake ta. Wani ya kai duka da ƙarfinsa, ya sami iska. Haka suka yi ta zubewa, kowa na fita yana taunar cingam, ko gumi babu.

Na ce, "Alhaji, ai sun sayar da wasa."

Mu a Kano haka muke cewa duk ranar da aka ci mu a ƙwallo. Lallashin kai ne, wato ba fin ƙarfinmu aka yi ba. To, sai na juya maganar zuwa Turanci yadda take, shi kuwa ya ji na ce 'yan ƙasarsa ɓarayi ne. Ya kashe talabijin.

"Malam, yaran nan masu sallah ne," in ji shi.

Daga ranar sai gaisuwa, ita ma a tsaitsaye. Juma'a kowa ya kama hanyarsa. Na ba da haƙuri har na gaji.

Bayan wasu shekaru, jaridun da yake jerawa da hannunsa suka fara tonon silili: 'yan caca na sayen 'yan wasa don su faɗi da gangan. Ga hotunan gwanayensa, marasa kunya, an sha kwat da taye ana musantawa. Wallahi ban ji daɗi ba, haushi na ji.

Rannan na shiga sayen madara, sai ya riƙe hannuna. "Malam, yaya aka yi ka sani tun lokacin?"

Na ce ban san komai ba, maganar mutanenmu ce kawai.

Sai ya ce, "Ni kuwa na sani. Tun ina yaro nake kallon wasan nan, na san hannun da ya saki ƙwallo da gangan. Shi ya sa na kasa haɗa ido da kai."