Jinin Ƙanin Mijina

Darasin halittu nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Birnin Kebbi, kuma akwai babin da na fi iyawa. Nakan ce wa ɗalibaina zaren gadon da ke cikin jikin mutum bibbiyu yake zuwa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Tsawonsu ɗaya, mazauninsu ɗaya, aikinsu ɗaya, wannan daidaituwar ce littafi ke kira homoloji. Amma saƙon da kowane zare ke ɗauke da shi yana iya bambanta, kuma uba yana ba kowane ɗa zare ɗaya tak daga cikin biyun nasa. Shi ya sa wa da ƙane za su fito ciki ɗaya, jininsu ya sha bamban.

Ni ba a allo na fara sanin wannan ba. A gidanmu na Gesse na yi jinyar ƙanwata mai sikila har Allah ya karɓi abarsa. Da aka gwada ni aka ce AS ce, wato ina ɗauke da rabin ciwon. Saboda haka da wani manomin albasa daga Argungu ya zo neman aurena, sharaɗi ɗaya na gindaya masa: a auna jininsa. Sakamako ya dawo AA. Na yi sujada, aka ɗaura aure.

'Yarmu ta fari ba ta cika shekara ba hannuwanta suka kumbura. Na san kumburin nan, na san kukan nan. Asibiti suka ce sikila ce. Aka sake auna uban, ya fito AS. Ya girgiza kai, ya ce masu awon farko ne suka yi kuskure, ƙaddara ce. Ni kuwa na ɗauki mayafi na tafi ɗakin awon nan, na wanke wani bawan Allah tas a gaban jama'a. Shekaru na yi ina kai ƙararsa wurin Allah a kowace salla.

Tana da shekara shida ciwon ya tashi mata da damina, muna Argungu wurin surukata. Aka kwantar da ita, likita ya ce sai an ƙara jini, kuma ya fi son na wanda ba ya ɗauke da komai. Aka kira ƙanin mijina. Abokin wasana ne, mai surutu da dariya, kullum cewa yake tuwona ya fi kama da siminti. Ya shigo da taɓon fadama a ƙafa, yana naɗe hannun riga.

"Matar Yaya, kwantar da hankalinki," ya ce. "Nawa mai kyau na. Wanga shi na karo na biyu da nika ba da jini saboda Yaya."

"Na biyu? Yaushe kay yi na hwarko?"

"Lokacin aurenku mana. Yana Augie wurin haƙar albasa, sai yac ce in tahi wurin awo in ba da jini da sunanai. Uwa guda uba guda, ai jini guda na."

Yana faɗa yana dariya, har da taɓa ƙirji. Wallahi bai san abin da ya faɗa ba. Shi a wurinsa zumunci ya yi, kamar ya karɓo wa wansa taki. Na ce masa Allah ya saka da alheri, don jininsa nake buƙata, kuma aka wuce da shi.

Da na zauna a bakin gadon, sai na kama nema wa mijina uzuri. Na ce manomi ne, shi ma haka ya ɗauka. Jahilci ana yafe shi. Da la'asar mijin nawa ya shigo da ledar kankana, yarinyar tana kwance idonta rufe, jinin ƙanin ubanta yana ɗiga cikin hannunta.

"Malam, wa ya tahi awo lokacin aurenmu?"

Bai tambaye ni wa ya gaya min ba. Ya ajiye ledar a hankali, ya dubi ƙasa.

"An taɓa auna ni," ya ce. "Kahin ke, akwai wadda nin nema a Birnin Kebbi. Awon nan yar raba mu. Ban iya sake rasa wata."

Ashe ya sani. Yana sane ya zauna yana kallona ina zagin mutumin da bai ci ba bai sha ba. Yana sane ya ji labarin ƙanwata daga bakina, har da share min hawaye. Ban taɓa jin an ci amanata irin ranar ba.

"Ki hwaɗa min gaskiya," ya ce. "Da ni nit tahi da kaina, kina aurena?"

"Wallahi da ban aure ka ba. Da ban haihu da kai ba ko guda!"

Da ƙarfi na faɗa, har matar gadon kusa ta juyo. Sai na ji an ja gefen zanena. Na duba, idon 'yata a buɗe, tana kallona.

"Mama," ta ce, "har ni?"