Gabar Inno da Direba

Inno mai nono, 'yar rugar Wurma, ba ta iya ƙaramin fushi ba. A shekarun alif ɗari tara da sittin, Malam Sabitu na jami'a ya zo binciken ciyawa a dajinsu, inda babu waya. Aka yi da ita duk ranar kasuwar Kurfi ta shaida wa Mamuda direba cewa Malam na nan lafiya, shi kuma ya kai wa hukuma labari a Dutsin-Ma. In aka ji shiru, a kawo ɗauki.

Ran nan Mamuda ya take mata ƙwarya, ta ɗauki gaba da shi. Aka ji shiru. 'Yan doka suka bazamo daji, suka iske Malam na shan fura.

Da aka tuhume ta, ta ce, "Ni in yi wa wancan magana? Ko mutuwa Malam ya yi, sai ya jira mu shirya!"