Ramin da Na Toshe a Ɗakin Inna

Sana'ata toshe kafa ce. In gida ya ƙi riƙe sanyi ni ake kira, in bi tagogi da ƙofofi da gefen mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, in gano inda zafin Makka yake shigowa, in liƙe. Ba ni da haƙuri a kan aikin nan. In na ga an cusa tsumma a gefen na'ura, wallahi raina ɓaci yake yi.

To sai ga shi ɗakin mahaifiyata a unguwar Misfala ya fi ko'ina lalacewa. A gefen mukayyif ɗinta akwai rami da hannu zai shige, an kare shi da kwalin dabino. Na'ura tana ta gurnani, ɗaki kamar tanda. Ga gwiwoyinta sun ƙi, ta daina zuwa Harami, a kan kujera take salla.

Na ce, "Haba Inna! Ina gyara gidajen mutane, a ce naki haka yake? Ai abin kunya ne."

Ba ta dube ni ba. Ni ne ɗan fari, tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, doguwar magana ma ba ta yi da ni. Sai ta kalli ƙanwata da ke zaune da ita ta ce, "Ki ce wa wannan ya bar shi yadda yake."

Ina fa! Ranar Asabar na zo da kayana, na fizge kwalin, na cika ramin da kumfar liƙi, na bi taga da danƙon silikon, na sa roba a ƙasan ƙofa. Na shafa bango da bayan hannu, ko ɗan huci babu. Ɗaki ya yi sanyi ƙalau, ya yi tsit. Don jin daɗi har hoto na ɗauka.

Bayan kwana huɗu na biyo gab da La'asar, na tarar da Inna zaune a kan matakalar bene, cikin wannan zafi, zufa ta jiƙa mata mayafi. Nan take na hau ƙanwata da faɗa, na ce wane irin sakaci ne wannan, ga ɗaki mai sanyi a bar tsohuwa a waje?

Ta bari na gama, sannan ta ce, "Yaya, kai ka fito da ita. Ta ramin nan take jin kiran sallar Harami. In lokaci ya yi sai ta kashe na'ura ta kasa kunne. Tun da ka toshe, sau biyar a rana take jan jiki zuwa nan. Na ce in gaya maka, ta ce kada a ɓata maka aiki."

Jikina ya yi sanyi, amma bakin nan nawa bai mutu ba. Na ce ai ga waya, ga talabijin, duk suna kawo kiran.

Inna tana kallon bango ta ce, "Na waya ko a Kano ana jin sa. Ba don shi na baro gida ba."

Kunya ta rufe ni. Na sauka na ɗauko wuƙa a mota, na yanke kumfar da hannuna, na zura guntun bututu, na yi masa murfin da za ta iya buɗewa da sandarta. Muka kamo ta muka mayar da ita kan kujerarta, muka zauna jiran Magariba.

Da lokaci ya yi ta kashe na'ura, ta ture murfin. Iska mai zafi ta fara shigowa, sai ga muryar ladan a bayanta, siririya amma tar. Inna ta rufe ido tana amsawa, hawaye na bin kuncinta.

Da aka gama, na zaci za ta sake ba ƙanwata saƙo. Sai ta juyo ta dube ni, ni ɗin nan, ta ce, "Allah ya yi maka albarka."