Farfela a Kan Rufin Yaya

Yayana mai gyaran fanka ne, bai taɓa yin wata sana'a ba. Shagonsa cike yake da murɗaɗɗun wayoyi da fukafukai masu tsatsa. Da ya kara kunne a jikin fanka zai gaya maka abin da ke damunta, amma ka ce masa kanka na ciwo sai ya tsaya yana kallonka.

'Yarsa ɗaya ce, Auta, ita ce duniyarsa tun rasuwar uwarta. Tana da ciwon sukari. Allurarta ba ta jure zafi, sai a firji, kuma sai an yi doguwar tafiya ake samo ta. Wutar lantarki kuwa ta zo yau, gobe babu.

Shi ya sa ya ƙera farfela, wadda iska za ta juya ta ba firji wuta. Ya kwance injin tsohuwar fanka ya sake masa naɗi, ya yanka bututun roba ya yi fukafukai, ya haɗa da batirin mota. Ranar da aka kawo wuta ya kira ni gwaji. Ya jera fankokin mutane a gabanta ya kunna su gaba ɗaya. Farfela ta kama gudu, firji ya ɗauka.

"Kin gani? Iskar Allah ba ta da mita," in ji shi.

Na yi dariya har da tafi. Ni da shi, ba wanda ya tuna cewa iskar fanka daban, ta waje daban. Mutumin da ya saba danna maɓalli iska ta zo, ina zai kawo a ransa wata rana ta ƙi zuwa?

Ya kafa farfelar a kan rufi, ta yi aiki kuwa, har maƙwabta na leƙe. Sai taransifomar unguwa ta ƙone, wuta ta ɗauke gaba ɗaya, zafi ya shigo, iska ta tsaya cak. Ko ganye ba ya motsi. Batiri ya mutu.

Yaya ya hau rufi da tsakar rana ya kama juya fukafukan da hannu. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, har zaginsa na yi, Allah ya yafe mini. Tsoro ne ya cika ni. Kwano na ƙona masa ƙafa, bai sauko ba. Washegari ma haka.

Na buɗe firji na ɗauko kwalbar allurar. Ɗumi, ga gudaji-gudaji a ciki. Auta na kwance tana neman ruwa, idanunta sun faɗa, numfashi sama-sama.

"Ya yi sanyi?" Yaya ya ƙwala daga sama.

"Sauko, Yaya! Asibiti za mu!"

Ya sauko da kyar. Ya durƙusa ya zura hannuwa ƙarƙashinta zai ɗaga, hannuwan suka ƙi. Ya sake gwadawa. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ɗauke ta ke," ya ce. "Na kasa."